Wake da mai gadinsa

1. Wa ke da gaskiya?

Wata rana da safe, bayan mun gama gaisuwa, wata yarinya ƴar ajinmu ta ɗaga hannu. Ta ce:

– Malam, ana gardama a gidanmu, na rasa wanda zan bi.

Na ce ta faɗi, muna saurare. Ta ce watan jiya aka yaye ƙanenta. Tun daga lokacin yaron yake ta ramewa. Innarta ta kai shi asibiti, aka auna shi, aka ce bai kai nauyin tsararsa ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ce kunun gero kaɗai ba ya isarsa, a riƙa haɗa masa da garin wake. Da suka komo gida, kakarta ta ce sam ba ta yarda ba.

– Na roƙi Kaka, sai ta ce mini: «Ke kishiyata, mu da munka tsufa cikin wake mun san halinai. Wake na da nauyi. Babba ma sai ya yi da gaske, balle ɗan yaye.» To, Malam, wa ke da gaskiya?

Na tambayi ƴan aji. Wasu suka bi bayan kaka, wasu suka bi bayan ma'aikaciyar asibiti. Aji ya kaure da surutu. Da suka yi shiru na ce musu kowace tana da tata gaskiyar. Amma ba za mu gane haka ba sai mun bi ƙwayar wake tun daga gona har cikin hanji. Ku biyo ni.

2. Dangin wake

Ku dubi gonakin garinmu Bana da damina. Ƙarƙashin gero da dawa wake ne ke yaɗo. A gefe ga gonakin mata na gyaɗa da na kwaruru, wanda wasu ke kira gujiya. A bakin gona ga ɗorawa, ga tsamiya, ga gawo, ga bagaruwa. Waɗansu ƙanana ne, waɗansu manyan itatuwa. Duk da haka dangi ɗaya ne. Alamarsu ita ce ƴaƴansu suna zaune cikin kwanso. Wannan dangi shi muke kira dangin wake.

Ƙasarmu Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Wakenmu ya sha ƙetare iyaka, ya shiga kasuwannin Najeriya da na Benin. A Bengu, nan kusa da mu, akwai tashar INRAN, wato ma'aikatar binciken noma ta ƙasa wadda aka kafa a 1975. A can ake gwada irin shuka iri-iri. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ba dangin wake shekara guda sukutum, shekarar 2016. Tun 2019 kuma, ranar 10 ga Fabrairu ta zama ranarsu a duniya duka.

Me ya sa ake girmama wake haka? Saboda abin da ke cikinsa. Cikin abinci akwai mai ba da ƙarfi, kamar sitaci da mai. Akwai kuma mai gina jiki, wanda ake kira furotin. Da furotin ake gina tsoka da fata da jini. In aka auna giram 100 na busasshen wake, wajen giram 24 furotin ne. Gero kuwa wajen giram 11 gare shi. Kun ga wake ya ninka gero. Bayan haka, furotin ɗin gero da na wake suna cika juna: abin da ɗaya ya rasa, ɗayan yana da shi. Wake yana da sinadarin ƙarfe kuma, wanda jiki ke bukata don yin jini. Nama da kifi da ƙwai suna da tsada, ba kullum ake samunsu ba. Wake kuwa yana cikin rumbu.

Nan ma'aikaciyar asibiti ta yi gaskiya. Saura mu ga gaskiyar kaka.

3. Ma'aikatan ciki

Abincin da muka haɗiye bai shiga jikinmu ba tukuna. Hanya kawai ya kama. Hanyar ta tashi daga baki, ta gangara tumbi, ta zarce cikin hanji. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai wajen mita 6. Bangonsa kamar rariya yake, amma mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Sai abin da ya narke sarai ke wucewa ya shiga jini. Wanda bai narke ba sai ya bi hanyarsa ya fita, jiki bai amfana da shi ba.

Sitaci da furotin kamar dogon carbi suke. Carbi ba ya bi ta ƙofar rariya sai an tsinke shi ƙwaya-ƙwaya. Haƙori yana farfasa abinci, amma ba ya iya wannan tsinkewa. Akwai waɗansu ma'aikata a cikin ciki masu yin ta. Ido ba ya ganinsu. Sunansu anzim. Ku ɗauke su kamar ƙananan almakashi. Kowane yana da aikinsa, kamar yadda maƙeri ba ya shiga aikin masaƙi.

Na farko shi ne amilaz. Yana cikin miyau. Shi ke tsinke sitaci ya mai da shi sukari. Ku sa lomar burodi a baki, ku yi ta tauna ba ku haɗiye ba. Can za ku ji zaƙi ya fito. Aikin amilaz ke nan. Iyayenmu mata sun san shi ko da ba su san sunansa ba. Shi ya sa suke hana a mai da ludayin da aka sha da shi cikin kunun da za a ajiye. Sun san kunun zai tsinke.

Na biyu shi ne pepsin. Yana cikin tumbi, cikin wani ruwa mai tsami ƙwarai. Shi ke fara yanka furotin.

Na uku shi ne tiripsin. Yana aiki cikin ƙaramin hanji, yana ƙarasa abin da pepsin ya fara. Wata gaɓa ce da ke kwance bayan tumbi take yin sa, ana ce mata pankireyas. Ita ce kuma ke ƙaro amilaz, da wani anzim mai narka mai.

Mutane sun daɗe ba su san da waɗannan ma'aikata ba. A 1833 wasu masana biyu na Faransa, Payen da Persoz, suka fid da anzim na farko daga hatsin sha'ir mai tsiro. A 1836 wani Bajamushe, Schwann, ya gano pepsin. A 1876 wani Bajamushen, Kühne, ya gano tiripsin.

Ga abu ɗaya da nake so ku riƙe da kyau, don za mu komo kansa: su anzim ɗin nan, su ma da furotin aka yi su.

4. Mai gadi

Yanzu mu dubi ƙwayar wake. Ku jiƙa ta, ku murza da yatsa. Wata siririyar riga za ta saluɓe, ta bar farin ciki mai ɓari biyu. Cikin shi ne abincin da uwa ta ajiye wa ɗan tsiro. Rigar kuwa ita ke tsaronsa.

Shuka ba ta da ƙafar gudu, ba ta da hannun duka. Tsuntsu yana son ƴaƴanta, ƙwaro yana so, fumfuna ma tana so. Da me za ta kare kanta? Wata tana da ƙaya. Wata tana da ɗaci. Da yawa kuma suna yin waɗansu sinadarai da masana ke kira fenol. Fenol babban gida ne, mai ƴaƴa dubbai. Waɗansu su ke ba da launi: jan yakuwa da jan wake da baƙin kwaruru duk aikinsu ne. Wanda ya fi damunmu yau sunansa tanin. Shi ne mai gadin.

Kun san shi da bakinku. Wa ya taɓa cin ɗanyar kanya? Wa ya taɓa tauna goro, ko ya sha shayin da ya daɗe bisa wuta? Baki yakan bushe, harshe ya yi kaushi, kamar an ɗaure shi. Wannan shi ne bauri. Bauri daban, ɗaci daban, tsami daban. Inda duk kuka ji bauri, mai yiwuwa tanin yana nan. Ku ɗanɗani jar rigar soyayyar gyaɗa ita kaɗai, sa'an nan ku ɗanɗani gyaɗar da aka murje. Za ku ji bambanci. Akwai ma wata irin dawa mai bauri wadda tsuntsaye ba su cika faɗa mata ba.

A cikin wake da kwaruru da gyaɗa, yawancin tanin yana cikin riga. Kuma galibi, yadda riga ta fi duhu haka ta fi tanin. Jan wake ya fi farin wake. Baƙin kwaruru da ja sun fi fari.

5. Mu je majema

Yaya tanin ke aiki? Majemi zai nuna mana.

In an feɗe akuya aka bar fatar da danshi, kwana kaɗan za ta yi wari ta ruɓe. In an shanya ta kawai, sai ta ƙandare kamar itace. Majemi yakan jiƙa ta, ya cire gashin, ya kankare. Daga nan sai ya daka kwanson bagaruwa, ya zuba cikin ruwa, ya tsoma fatar. Bayan ƴan kwanaki fatar ta canza. Ba ta ruɓewa kuma. Da ita baduku zai ɗinka takalmi da jaka da kube. Haka ake jeme fatar jar akuyar Maradi da ta Sakkwato, wadda sunanta ya kai har Turai tun zamanin ayari.

Me ya faru cikin ruwan nan? Fata furotin ce. Kwanson bagaruwa kuwa cike yake da tanin. Tanin yana da hannuwa da yawa. In ya samu furotin sai ya cafke shi nan da can, ya ɗaure tamau. Abubuwan da ke ruɓar da fata sai su rasa inda za su kama. Sunan tanin ma daga sana'ar jima ya fito a harshen faransanci.

Haka yake yi cikin bakinmu. Miyau yana da furotin mai sa baki santsi. Tanin ya kama shi, santsi ya tafi, sai mu ce mun ji bauri.

Ku lura: bagaruwa ƴar'uwar wake ce. Mai gadin gidansu kusan ɗaya ne. Sai dai na bagaruwa ƙato ne, na wake ƙarami.

6. In mai gadi ya shiga ciki

Mun ce anzim furotin ne. Mun ce tanin yana kama furotin. To, me zai faru in sun haɗu? Abu uku.

Na ɗaya, tanin yana kama ma'aikatan kansu. Amilaz ko tiripsin ɗin da aka ɗaure kamar almakashi ne da danƙo ya liƙe wa baki. Yana nan, amma ba ya yanka.

Na biyu, tanin yana manne wa furotin ɗin abinci. Ko almakashin da ya tsira ya zo, sai ya tarar an rufe wurin yanka. Wani kashi na abin gina jiki sai ya wuce bai narke ba.

Na uku, tanin yana kama ƙarfe. Ƙarfen da ya kama ba ya bi ta rariyar hanji. Jikin da ya daɗe ba ya samun ƙarfe isasshe yakan yi ƙarancin jini. Mai shi yakan gaji da wuri, cikin idonsa da tafin hannunsa su yi fari. A 1975 wasu likitoci a birnin Johanesbag na Afirka ta Kudu suka gwada, suka ga mai shan shayi tare da abinci yana samun ƙarfe kaɗan bisa ga mai shan ruwa. Tanin ɗin shayi ne sanadi.

Kada ku tsorata. Tanin ɗin wake ba shi da yawan da zai ɗaure ma'aikata duka. Wani kashi kawai yake ragewa. Babban mutum mai lafiya, mai cin abinci iri-iri har ya ƙoshi, ba zai san an yi ba. Amma ɗan yaye fa? Cikinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama guda bai fi kofi ɗaya ba. Ga shi yana girma da sauri. Kowane ludayi yana da daraja a gare shi. Haka nan mace mai ciki, da mai shayarwa, da wanda ya tashi daga ciwo. Su ne ba su da abin yin asara.

7. Laifin da ba nasa ba

An ce wake ɗaya ke ɓata gari. Amma kada mu ɗora wa tanin laifin kowa. Akwai wasu biyu cikin wake masu ba ciki wahala.

Ɗaya yana cikin farin cikin ƙwaya, ba cikin riga ba. Shi ma yana tare tiripsin. Sai dai shi wuta tana kashe shi. Shi ya sa ba a cin ɗanyen wake, ba a kuma cin wanda bai nuna ba. Tanin kuwa ba ya jin tsoron wuta sosai. Shi sai an tuɓe riga, ko ruwa ya janye shi.

Ɗayan wani irin sukari ne wanda ma'aikatan cikinmu ba su da almakashinsa. Yakan wuce har babban hanji. A can waɗansu ƙananan halittu ke cin sa, su fid da iska. Kumburin ciki da tusa bayan cin wake, wannan ne ke kawo su. Na ga kuna dariya. Ai ba abin kunya ba ne, ilimi ne. Jiƙa wake da zubar da ruwan yana rage shi.

Kun ga nan kaka ta yi gaskiya. Waken da aka dafa da rigarsa, bai nuna sosai ba, yana da nauyi ga ƙaramin yaro.

8. Dabarun iyayenmu mata

Tun kafin a san sunan tanin, iyayenmu mata suka san yadda za su bi da shi. Mu duba dabarunsu.

Jiƙawa. Tanin yana narkewa cikin ruwa. In jan wake ya kwana a jiƙe, da safe ruwan ya yi ja-ja. Wani kashi na mai gadi ke nan ya fita. A zubar da ruwan, a sake sabo. Waken da aka jiƙa yana saurin nuna, ga sauƙin itace.

Surfe. Wannan ita ce babbar dabara. Mai ƙosai da mai alala ba su niƙa wake da rigarsa. Sai sun jiƙa, sun surfa a turmi, sun wanke, rigar ta taso bisa ruwa an kwashe. Su don ƙullu ya yi fari ya tashi suke yi. Amma tare da rigar nan yawancin tanin ya tafi.

Dahuwa. Wake ya nuna in an matse shi tsakanin yatsa biyu ya murƙushe lugub, ba tsakiya mai tauri. Kwaruru ya fi wake taurin kai, yana son jiƙo mai tsawo da wuta mai yawa.

Tsiro. In an jiƙa ƙwaya aka rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma kwana biyu ko uku, sai ta fara tsiro. Lokacin nan ƙwayar tana tada nata anzim don ta ciyar da ɗan tsiro. Suna fara aikin narkewa tun abinci bai zo bakinmu ba.

Daddawa. Ku tuna kalwa, ƴaƴan ɗorawa. Baƙa ce, mai tauri kamar tsakuwa, ba mai iya cin ta haka. Mata sukan dafa ta wuni guda, su surfa, su wanke baƙar rigar, su sake dafawa. Sa'an nan su rufe ta da ganye kwana biyu ko uku. Ƙananan halittu masu amfani su ke ƙarasa aikin, su tausasa furotin ɗin. Abin da ba ya ciwuwa ya zama sarkin miya.

Kanwa. Ƴar kanwa kaɗan tana sa wake saurin nuna, tana kuma rage ƙarfin tanin. Amma in ta yi yawa tana ɓata wani bitamin da ke cikin wake, wanda ake kira B1. Kanwa ba gishirinmu na Foga ba ce da za a zuba don daɗi. A sa kaɗan. Ga abincin ƙaramin yaro kuwa, gara a jiƙa a surfa, a bar kanwa.

Akwai kuma abin da ke taimakon ƙarfe. Bitamin C yana hana tanin riƙe shi. Yana cikin lemu da tumatir da gwaba da garin ƴaƴan kuka. A matsa lemun tsami bisa shinkafa da wake. Shayi kuwa a jinkirta shi, sai an yi awa guda ko biyu da cin abinci. Ƙaramin yaro ba ya bukatar shayi ko kaɗan.

9. Mai gadi ba abokin gaba ba ne

Wani zai ce: ashe jan wake ba shi da kyau, mu daina shuka shi. A'a! Mai gadi yana da amfani, in ya tsaya inda ya kamata.

A gona yana taimakon ƙwaya ta jure fumfuna da waɗansu ƙwari. A jikin babban mutum kuma, jinkirin da yake sa wa amilaz yakan zama alheri. In sitaci ya narke da sauri, sukari yakan kwararo cikin jini gaba ɗaya, kamar ruwan kwazazzabo. In ya narke sannu-sannu, sukari yakan shiga kaɗan-kaɗan, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Manomi ya san haka: wanda ya karya da wake yakan kai azahar yana noma. Shi ya sa likitoci ke ba masu ciwon sukari shawarar cin wake da rigarsa. Rigar tana da dusa mai taimakon hanji, fenol ɗinta kuma suna cikin abubuwan da ke kare jiki daga lalacewa. Amma ku ji da kyau: wake abinci ne, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Abin da ya zama cikas ga ɗan yaye, shi ne ya zama taimako ga kakansa. Sai a san wa za a dafa wa.

10. Mu gwada

Ku kawo kwanson bagaruwa, ƙwai ɗaya, ƙusa mai tsatsa, kunu mai kauri wanda ya huce, da kwalabe masu haske. A daka kwanson, a jiƙa shi cikin ruwan zafi, a tace. Wannan ruwa na gwaji ne, kada kowa ya sha.

Gwaji na farko. A kaɗa farin ƙwai kaɗan cikin ruwa, a raba kwalba biyu. A ɗiga ruwan bagaruwa cikin ɗaya. Me kuka gani? Ruwan ya yi gajimare, wani abu yana kwantawa ƙasa. Tanin ne ya kama furotin.

Gwaji na biyu. A raba ruwan bagaruwa kwalba biyu. A jefa ƙusa cikin ɗaya, a bar su su kwana. Da safe mai ƙusa ya yi baƙi kamar tawada. Tanin ne ya kama ƙarfe.

Gwaji na uku. A zuba kunu daidai wa daida cikin kofi uku. Na farko a sa masa ruwa cokali ɗaya. Na biyu a sa masa miyau da aka gauraya da ruwa, cokali ɗaya. Na uku a sa masa miyau da aka gauraya da ruwan bagaruwa aka bar shi ya ɗan jima, shi ma cokali ɗaya. A motsa, a jira. Wanne ya fara tsinkewa? Wanne ya daɗe da kaurinsa? Ku rubuta abin da kuka gani cikin littafinku, ku faɗi dalili.

11. Labarin ɗan yaye

Da muka gama gwaji, na ce wa yarinyar nan kada ta je gida ta ce kaka ta yi kuskure. Ta ce mata dai: «Kaka, ke kika fi kowa iya surfe. Ki surfa wa ƙanena wake kamar na alala.»

Ga yadda ake yi. A zaɓi farin wake mai kyau, wanda ƙwaro bai ci ba. A jiƙa, a surfa, a wanke rigar sarai. A shanya a wuri mai tsabta. In ya bushe a soya shi sama-sama ba mai, har ƙanshi ya tashi. A niƙa, a tankaɗe. A haɗa awo uku na garin gero da awo ɗaya na garin wake. A dama, a bar shi ya tafasa sosai bisa wuta, kada a tsaya ga zuba ruwan zafi kawai. A sa ɗan man gyaɗa. A fara ba yaro kaɗan, a riƙa ƙarawa. Yaron da ya cika wata 6 ana iya fara masa irin wannan kunu, yana kuma shan nono har ya shekara 2. Wanda ke ramewa kuwa a ci gaba da kai shi awo asibiti.

Bayan sati uku yarinyar ta sake ɗaga hannu. Ta ce kaka da kanta take surfen, ba ta yarda kowa ya taɓa mata turmi. Ta ce yaron yana shanye kofinsa, cikinsa bai kumbura ba. Na tambaye ta:

– To, me kaka ta ce?

– Ta ce: «Ai ni dama waken da ba a tuɓe ma riga ba na hana.»

Aji duka ya fashe da dariya. Ni kuwa na ce musu kaka ba ta yi ƙarya ba.

Mu riƙe

Wake da danginsa abinci ne mai gina jiki. Anzim su ne ma'aikatan da ke narka abinci. Tanin yana cikin rigar ƙwaya, ya fi yawa cikin mai duhu. Yana kama anzim, yana kama furotin, yana kama ƙarfe. Jiƙawa da surfe da dahuwa sosai suna rage cikas ɗin wake. Ga ƙaramin yaro, a tuɓe rigar. Ga babba mai lafiya, wake da rigarsa yana da amfani.

Sababbin kalmomi

Furotin: abin da ke gina jiki cikin abinci.
Anzim: abin da ke tsinke abinci ya narke.
Amilaz: anzim mai mai da sitaci sukari.
Pepsin da tiripsin: anzim masu yanka furotin.
Fenol: gidan sinadaran da shuka ke yi don launi da tsaro.
Tanin: fenol mai bauri, mai kama furotin da ƙarfe.

Tambayoyi

1. Kawo sunan shuka biyar daga dangin wake. Mece ce alamarsu?
2. Me ya sa kunu ke tsinkewa in an mai da ludayin da aka sha da shi?
3. A wane wuri na ƙwayar wake tanin ya fi yawa?
4. Me ya sa majemi ke tsoma fata cikin ruwan bagaruwa?
5. Faɗi abu uku da tanin ke yi in ya shiga ciki.
6. Me ya sa bai kamata a sha shayi tare da abinci ba?
7. Ina gaskiyar kaka, ina gaskiyar ma'aikaciyar asibiti?
8. Aikin gida: tambayi innarka ko kakarka yadda ake yin daddawa. Rubuta matakan bi da bi, ka ja layi ƙarƙashin matakin da ake cire riga.